Ziyarar Dausayin Haɗeja-Nguru Don Kallon Tsuntsaye: Lokaci, Wuri Da Shiri

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, ina koyar da ilimin halittu. Na sha jin cewa akwai wani dausayi tsakanin Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai, kuma ina sha'awar in kai iyalina su gani, wataƙila daga baya in kai ɗalibaina. Sai dai wani abokina ya je a watan Afrilu, ya dawo ya ce bai ga komai ba sai ciyawa da zafin rana. Shin da gaske akwai abin gani? Wane lokaci ya fi dacewa, ina za mu dosa takamaimai, kuma me ya kamata mu tanada?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, domin ba kasafai ake samun magidanci da zai yi tunanin kai iyalinsa bakin ruwa don su kalli halittun Allah kawai ba. Abin da kake son sani shi ne ko tafiyar ta cancanci kuɗin mota da wahalar hanya, kuma idan ta cancanta, yaya za a tsara ta don kada a dawo da irin labarin da abokinka ya dawo da shi. Amsata ita ce ta cancanta ƙwarai, kuma abokinka bai yi ƙarya ba. Ya je wurin da ya dace a lokacin da bai dace ba. Dausayi ba kamar gidan zoo yake ba, inda dabbobi ke zaune a keji duk ranar da mutum ya je. Tsuntsayen ruwa suna bin ruwa ne, ruwan kuma yana zuwa yana komawa, yana sauya wuri daga shekara zuwa shekara. Wanda ya fahimci tafiyar ruwan ya samu mafi yawan amsar tambayarka, don haka daga nan zan fara.

Yadda dausayin yake

Koguna biyu ne ke ciyar da wannan wuri. Kogin Haɗeja yana samun ruwansa daga kogin Kano da kogin Challawa, shi kuwa kogin Jama'are yana gangarowa ne daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauchi. Idan suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gabas da Haɗeja, sai su tarar da tsofaffin tuddan yashi a jere, waɗanda ke raba ruwan zuwa ƙananan rassa masu yawa, ya bazu cikin fadamu da tafkuna, kafin ya sake haɗuwa a wajen Gashuwa ya zama kogin Komadugu Yobe mai zubawa a tafkin Chadi. Ruwan saman da ake yi a Kano da Filato daga Yuni zuwa Satumba shi ne ke cika dausayin, ambaliyar takan kai ƙololuwa a ƙarshen damina, sannan ta fara ja da baya sannu a hankali daga Nuwamba. Wannan ja da bayan shi ne lokacin albarka. Yayin da ruwan ke janyewa yana barin laka mai cike da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi, da ƙananan kifaye da suka maƙale a kududdufai, da ƙwayar ciyayi da ragowar shinkafa a gonakin da aka girbe. Abincin da ke jawo tsuntsaye ke nan.

A daidai wannan lokaci ne sanyi ke rufe Turai da arewacin Asiya, ruwa ya daskare, abinci ya yi ƙaranci, tsuntsayen can su taso kudu. Bayan sun ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, wuraren ruwa na farko da suke samu ƴan kaɗan ne: fadamun kogin Sanagal, da fadamar kogin Kwara a tsakiyar Mali, da tafkin Chadi da fadamun Logone a Kamaru, sai kuma wannan namu na Haɗeja da Nguru. Suna fara isowa daga Satumba zuwa Nuwamba, su zauna tsawon hunturu, su fara komawa a watan Maris. Zuwa Afrilu yawancinsu sun tafi, ruwan ya ƙafe sai a wurare masu zurfi, zafi kuma yakan haura digiri 40. Ka ga abin da abokinka ya tarar.

Darajar wurin ba mu kaɗai muka san ta ba. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, da faɗin hekta 58,100. A 2008 aka ƙara da tafkin Dagona da dausayin Baturiya. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhallin halittu. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 300 a yankin, na gida da baƙi.

Sai dai dole in gaya maka cewa dausayin yau ba shi ne na zamanin kakanninmu ba, kuma sanin dalilin zai taimake ka wajen fahimtar abin da za ka gani da idonka. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ga farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Madatsun sun rage girman ambaliyar damina, sannan suka sa ruwa yana gudana a wasu rassan duk tsawon shekara, alhali a da sukan bushe da rani. Wannan ruwa marar yankewa shi ne ya ba ciyawar kacala damar mamaye wurin. Ciyawar da abokinka ya ce ya gani ita ce wannan. Tana tsayi fiye da mutum, tana toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan ya karkata ya malale gonakin wasu, wasu kuma a bar su babu ko ɗigo. Ga mai kallon tsuntsaye ma'anar wannan ita ce, wurin da aka ga dubban agwagi shekaru biyar da suka wuce yana iya zama dajin kacala bana, wani wurin da ba a san shi da komai ba kuma ya cika da tsuntsaye. Shi ya sa nake gaya wa duk mai niyyar zuwa cewa kada ya dogara da taswira ko labarin bara. Ya tambayi masunci inda buɗaɗɗen ruwa marar zurfi yake a wannan makon.

Lokacin da ya fi dacewa

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu duk lokaci ne mai kyau, amma kowane ɓangare da halinsa. A Nuwamba ruwa yana da yawa, ƙasa kore ce shar, sai dai tsuntsayen a warwatse suke saboda ko'ina akwai abinci, hanyoyin ƙauye kuma wasunsu ba su gama bushewa ba. A Janairu da farkon Fabrairu ruwan ya ragu, tsuntsayen sun taru a wurare ƙalilan, saboda haka a zama ɗaya mutum zai ga yawan da ba zai gani ba a Nuwamba. A ganina wannan ne lokaci mafi kyau, kuma ba banza ba ne ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya ake yin ta a watan Janairu. Tunda kai malami ne, hutun ƙarshen Disamba zai yi maka daidai, bambancinsa da Janairu kaɗan ne. Abin da zai iya ɓata maka shi ne hazon hunturu, domin ranar da ƙura ta sauka sosai ko madubin hangen nesa ba ya nuna launi, sai inuwar tsuntsu kawai. Wannan na daga dalilan da suka sa ba na son tafiyar kwana ɗaya. Ka ba kanka safiya biyu aƙalla, idan ɗaya ta lalace ɗayar ta yi.

A cikin yini kuma, daga idar da sallar asuba zuwa hantsi shi ne zinariyar lokaci. Ya kamata gari ya waye muku kuna bakin ruwa, ba kuna neman mai shayi a tasha ba. Da rana ta take tsuntsaye sukan lafa, iska mai zafi kuma tana sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a ido. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana harka takan dawo, lokacin da balbelu da jinjimi ke komawa makwancinsu garke-garke, agwagi kuma ke tashi zuwa gonakin shinkafa inda suke kiwon dare. Ka lura da inda rana take: da safe ka tsaya a gabashin ruwan kana kallon yamma, da yamma ka koma ɓangaren yamma, domin rana ta kasance a bayanka. Mutane da yawa sukan sha wahalar zuwa su tsaya suna fuskantar rana, duk tsuntsun da suka kalla baƙi ƙirin yake fitowa.

Inda za a dosa

Wurare uku ne zan ambata. Na farko tafkin Nguru da mashigar Marma. Shi ne mafi sauƙi ga mai iyali, domin garin Nguru yana da masauki da abinci da kasuwa, ruwan ba shi da nisa da gari, kuma ana samun masu kwale-kwale. Na biyu tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, kusa da Gashuwa, wanda yake cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Ƙaramin tafki ne, faɗinsa hekta 344, akwai ma'aikatan gandu da ke gadinsa, an hana farauta, saboda haka idan akwai ruwa tsuntsayen sun fi natsuwa, sukan bari a matso kusa da su fiye da sauran wurare. Ana neman izini a biya kuɗin shiga, kuɗin kuma yana sauyawa, don haka a tambayi ofishin gandun kafin a tashi. Na uku Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jigawa, wanda yana cikin sababbin gandayen ƙasa goma da gwamnatin tarayya ta amince da kafawa a 2020. Wuri ne mai faɗi ƙwarai, tafkuna a warwatse cikin kurmin bagaruwa da goriba, yana haɗa tsuntsayen ruwa da na daji, amma hanyoyinsa yashi ne, kuma baƙo ba zai gane kansa ba sai da ɗan jagora.

Shawarata a tafiyar farko ita ce ku bi ta Haɗeja ku sauka a Nguru, ku yi yammacin ranar isowa a bakin tafki, washegari da asuba ku shiga kwale-kwale, safiya ta biyu kuma ku tafi Dagona idan an tabbatar muku akwai ruwa a cikinsa. Baturiya ka bar ta sai ka koma kai kaɗai ko da abokai.

Abin da za ku gani

Zan fara da na gida, waɗanda kakanninmu suka sa wa suna. Kirinjijiya ita ce za ta fara tarbar ku, agwagwa mai farar fuska da dogon wuya, mai kuka kamar fito sau uku a jere, kuma sau da yawa kunne ne ke fara jin ta kafin ido ya gan ta. Akwai dinya, babba baƙa mai fari a ciki, wadda ke da ƙaya a gaɓar fiffike. Akwai dani, wanda namijinsa ke da tudun nama a saman baki. Za ku ga zalɓe tsaye cik a ruwa marar zurfi yana jiran kifi, da balbela a bayan shanu, da jinjimi mai farin jiki da baƙin kai da lanƙwasasshen baki, da zakaran ƙeƙuwa wanda ba ya barin kowa ya wuce sai ya yi masa ƙara ya tona asirinsa ga sauran tsuntsaye. Idan an yi dace a ga kwasakwasa, mai jaka a ƙarƙashin baki. Shamuwa kuwa kada ku neme ta a wannan lokaci, ita baƙuwar damina ce, da rani tana kudancin Afirka.

Akwai wani tsuntsu da nake so ka nuna wa yara musamman, mai launin ja-ja da farin wuya da shuɗi a goshi, wanda ke tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tudu. Idan kuka duba ƙafarsa da madubi za ku ga yatsu dogaye ƙwarai, su ne ke raba nauyinsa a kan ganyen don kada ya nitse. A wannan nau'in namiji ne ke kwanci a kan ƙwai ya kuma reni ƴaƴa, idan ya ji haɗari yakan kwashe su a ƙarƙashin fukafukansa ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Akwai kuma wani baƙin zalɓe ƙarami da ke buɗe fukafukansa ya rufe kansa kamar laima, ya yi inuwa a kan ruwa, ya cafke kifin da ya shigo cikinta. Ga malamin ilimin halittu, waɗannan biyun kaɗai sun isa darasin mako guda a kan yadda surar halitta ke dacewa da muhallinta.

Baƙin Turai su ne suka fi wuyar ganewa, kuma a nan ne mutane kan ji an yaudare su, domin suna zaton za su ga wasu tsuntsaye masu ado na ban mamaki. Gaskiyar ita ce yawancinsu a nan cikin tufafin hunturu suke, toka-toka da ƙasa-ƙasa. Ƙaramar agwagwar da littattafan tsuntsaye ke kira Garganey ita ce ta fi yawa cikin agwagin baƙi, namijinta yana fitar da farin layi mai faɗi daga saman ido zuwa ƙeya yayin da hunturu ke ƙarewa. Akwai Pintail, mai siririn wuya da wutsiya mai tsini. Akwai Ruff, mai dogayen ƙafafu, wanda ke taruwa dubbai a gonakin shinkafar da aka girbe yana tsintar ƙwaya. Namijinsa idan ya koma arewa yakan fitar da wani tulin gashi mai launi a wuya don neman mace, amma a nan ba za ka bambanta shi da sauran masu bin laka ba sai da lura. Za ku ga wani shaho mai dogayen fukafukai yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan kacala, shi ma baƙo ne, haka ƴan ƙananan tsuntsaye masu rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu. Abin mamakin waɗannan ba a launinsu yake ba, a tafiyarsu yake. Idan ka gaya wa yaro cewa wannan agwagwar da ba ta kai girman kazar gida ba wataƙila a Rasha aka ƙyanƙyashe ta, kuma ta ƙetare Sahara da fukafukanta, za ka ga yadda kallonsa zai sauya.

Gauraka, wanda shi ne tsuntsun da ake ɗauka a matsayin alamar Najeriya, ba zan yi maka alkawarinsa ba. Dattawan yankin suna ba da labarin garkunansa a fadamu, amma kama shi don sayarwa ga masu ajiye shi a gida da lalacewar wuraren da yake ƙwai sun sa ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan. Wannan abu yana yi mini ciwo, kuma ina roƙon ka faɗa wa ɗalibanka dalilinsa.

Kayan tafiya da yadda ake kallo

Abu ɗaya da ba a iya yi sai da shi shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu. Za ka ga an rubuta lambobi biyu a jikinsa, misali 8x42. Ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke ƙayyade yawan hasken da ke shiga. Kada mai shago ya ruɗe ka da babbar lamba. Wanda ya wuce 10 yana rawa a hannu, filin da yake nunawa kuma ƙarami ne, yaro ba zai iya samo tsuntsu da shi ba. Mai 8 ya wadatar, guda ɗaya ga mutum biyu. Ka koya wa yara amfani da shi a gida tun kafin tafiya, a kan tattabaru da kurciyoyin unguwa: a kafa ido a kan tsuntsu tukuna, sannan a ɗago madubin zuwa ido ba tare da an kawar da kai ba. Wanda ya fara sa madubi sannan ya shiga nema, kafin ya samu tsuntsun ya tashi.

Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka ko kore mai duhu. Farar shadda da mayafi mai ƙyalli ana hango su daga nesa. Asubahin hunturu a kan ruwa yana da sanyi mai ratsa jiki, don haka a tafi da rigunan sanyi, musamman na yara, da takalmi rufaffe saboda ƙaya da laka, da malafa, da isasshen ruwan sha. Littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma yana da amfani idan ka samu, haka manhajar Merlin ta gane tsuntsaye a waya, amma a sauke bayananta tun daga gida domin sabis ba shi da tabbas a bakin ruwa. Kyamarar waya ba za ta ɗauko tsuntsun da ke nesa ba, kada ku ɓata safiyarku a kan haka. Ƙaramin littafin rubutu da fensir sun fi ta amfani.

Idan kun ga tsuntsun da ba ku sani ba, kada a yi saurin buɗe littafi. A fara kallonsa sosai yayin da yake nan. Girmansa kamar na tattabara ne ko na kaza ko na dinya? Bakinsa dogo ne ko gajere, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe? Ƙafafunsa wane launi ne? Yana iyo ne, ko yana taka laka, ko yana tsayawa a iska kafin ya faɗa ruwa? Waɗannan tambayoyi huɗu sun fi launin gashi saurin kai mutum ga suna. A aikina na ƙidaya na lura cewa abin da ya fi raba mai gani da yawa da mai gani kaɗan ba tsadar madubi ba ce, iya zama ne. Ku sami gindin bishiya ko gefen kacala ku zauna shiru na rabin sa'a, tsuntsayen da suka gudu da zuwanku za su dawo su ci gaba da harkarsu a gabanku. Yara ba su da haƙurin wannan sai an ba su aiki, saboda haka ka ba kowannensu nau'i ɗaya ya ƙirga, ko ya zana abin da ya gani.

Haƙƙin tsuntsaye da haƙƙin mutanen wurin

Roƙona mafi girma shi ne kada a kori garke don a ga tashinsa ko a ɗauki hoto. Na san abin yana da kyau a ido, masu kwale-kwale ma wani lokaci sukan buga filafili a jikin jirgi don su burge baƙo, amma ka hana su cikin ladabi. Tsuntsun da zai ƙetare Sahara a watan Maris yana tara kitse ne a jikinsa tun daga yanzu, kitsen nan shi ne guzurinsa, wasu ƙananan nau'o'in har sukan kusa ninka nauyinsu kafin su tashi. Duk tashin firgita yana ƙona wani abu daga wannan guzuri. Idan kun ga kawuna sun ɗago gaba ɗaya an daina kiwo, kun matso da yawa, ku tsaya ko ku ja baya. Kada kuma a sayi tsuntsun da aka kama, ko da da niyyar sakinsa ne, domin kuɗin da aka biya shi ne zai sa a sake ɗana tarko gobe.

Wurin nan kuma ba daji ne da babu mai shi ba. Hausawa da Fulani da Barebari da Badawa suna rayuwa a kansa, masunta da manoman shinkafa da masu noman rani da makiyaya. Idan kun isa ƙauye a fara gaida mai gari, bulama ne ko lawani, a faɗi abin da ya kawo ku, domin baƙo mai leƙe-leƙe da madubi a wannan zamani dole a yi masa tambaya. Kada a taka shuka, kada a taɓa raga ko dumbar kamun kifi, kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa, mata musamman. Ka kuma shirya jin wani ra'ayi game da tsuntsaye wanda ba irin naka ba. Manomin da jan baki ya cinye masa gero ko shinkafa cikin ƴan kwanaki, jan bakin da ke kwana cikin kacala miliyoyi, yana da hujjar ƙin abin da ke da fiffike. Ka saurare shi, za ka ƙaru. Ɗan jagora kuwa a ɗauke shi daga cikin mutanen garin a biya shi da kyau. Masunci ya san inda kirinjijiya ke yini fiye da kowane littafi, kuma ranar da mutanen wuri suka ga tsuntsu mai rai yana kawo musu kuɗi, ranar ce za su fara tsare shi.

Lafiya da tsaro

Kada kowa ya yi wanka ko ya taka cikin ruwan da ƙafa tsirara, yara musamman, saboda tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga dodon koɗin ruwa su shiga ta fata. A kwana cikin gidan sauro ko da ana sanyi. Idan aka ga mataccen tsuntsu ko marar lafiya kada a taɓa shi, a sanar da ma'aikatan gandu ko na dabbobi, saboda murar tsuntsaye. A kwale-kwale kada a yi lodi fiye da kima, kowa ya zauna, kuma ka nemi rigunan kariya daga nitsewa ka tafi da su daga Kano, kada ka sa ran samu a can. Idan babu su, yara su yi kallonsu daga gaɓa. Batun tsaron hanya abu ne mai sauyawa wanda ba zan iya yanke maka hukunci a kansa daga nan ba. Ka tambayi wanda ke zaune a Nguru ko Gashuwa a makon tafiyar, ku yi tafiyar rana, kada dare ya same ku a hanya.

Game da ɗalibai, ka fara zuwa da iyali ka san wurin da mutanensa tukuna. Idan za ka kai su, ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni kada ya wuce mutum takwas da babba ɗaya, domin aji guda a bakin tafki hayaniyarsa kaɗai ta isa ta watsa komai. Ka koya musu yadda ake ƙirga babban garke: a ƙirga goma a ga faɗin da suka ci, a riƙa auna sauran da wannan faɗin, idan garken ya yi yawa a koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari, mutum biyu su ƙirga daban sannan a kwatanta. Kowane lissafi a rubuta masa rana da sa'a da sunan wuri, a kuma rubuta sunan da mutanen garin ke kiran kowane tsuntsu da Hausa ko Badanci ko Barbarci. Irin wannan lissafi ana iya shigar da shi a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke tara bayanan abin da suka gani, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, tare da gidauniyar kiyaye muhalli ta NCF wadda ta daɗe tana aiki a wannan dausayi, suna maraba da masu sa kai. Idan ka tuntuɓe su tun a Nuwamba, mai yiwuwa su haɗa ka da masu ƙidayar Janairu, ɗalibanka su ga yadda ake aikin a hannun waɗanda suka saba.